GARGAƊI: mai tallan "ƙaramin shak" da maganin hana kifi girma ya ci kuɗina sau uku

Salamu alaikum 'yan'uwa na Accra, na Nima, Maamobi, Newtown har zuwa Madina da Ashaiman. Don Allah duk wanda ya ga wannan ya tura wa na kusa da shi, musamman masu shaguna da iyayen yara. Akwai wani saurayi da ke tallan kifin ado cikin tankin gilas a WhatsApp da Facebook, bakinsa da zaƙi kamar zuma, kuma wallahi sai da ya ci kuɗina sau uku kafin na gane inda ya dosa. Sunan da ya ba ni ma ba nasa ba ne, don haka yadda yake aikinsa zan faɗa muku.

Ina da shagon aski a Maamobi. Bayan ƙaramar Sallah ta bara na ga tallansa, ɗan tanki da fitila shuɗiya, ciki da kifaye biyu masu sheƙi kamar azurfa da baƙin layi a gefe, ga ƙaya a baya tsaye irin ta shak, babban kifin tekun nan mai cin nama. Na ce wannan zai yi wa yara kyau, don duk mai aski ya san wahalar zaunar da yaro ɗan shekara uku a kujera. Abu ɗaya na tambaye shi, na ce ɗan'uwa ina girmansu yake tsayawa? Ya ce "Yaya kar ka damu, wannan ƙaramin iri ne, ba ya wuce tsawon yatsa, kuma ai kifi daidai gidansa yake girma, in tanki ƙarami ne shi ma nan zai tsaya." Na ba shi sidi 450, ya kawo a kan mashin da kansa, ya haɗa komai ya tafi.

Gaskiya watan farko daɗi na ji. Yara suna zama shiru, 'yata ƙarama kullum in ta taso makaranta sai ta biyo shago ta zuba musu abinci. Amma kafin wata uku kifin da ya zo kamar yatsa ya kai tsawon tafin hannuna, suna ci kamar ba gobe. Na kira shi, sai ya ce ai laifinsa ne ya manta bai ba ni maganin hana girma ba, ya kawo wata 'yar kwalba babu rubutu babu komai, ruwa ne shuɗi, ya ce ɗigo goma duk sati, sidi 60. Kwalba uku na saya. Ruwan tanki ya koma shuɗi, yatsuna ma sai su kwana biyu da launin, kifi kuwa bai fasa girma ba, sai ma ruwan ya fara ƙarni yana yin hazo, da asuba in na buɗe shago sai in tarar da su a saman ruwa suna buɗe baki suna haki, balle in an ɗauke wuta cikin dare famfon iska ya tsaya.

Abin da ba zan manta ba wata Asabar ce da yamma shago cike. Wani yaro ya ƙwanƙwasa gilas da makulli, babban cikinsu ya firgita ya zabura da gudu ya daki gilas ƙum, har wanda nake yi wa aski ya juyo. Da na duba hancinsa ya ɗaye ya yi ja. A nan ne na lura ashe ko juyawa ba ya iya yi sai ya lanƙwashe jikinsa, don faɗin tankin santimita 30 ne kacal shi kuma ya kusa kai haka. 'Yata tana tsaye tana kuka tana cewa Baba ciwo yake ji.

To nan ya samu ƙofa ta uku. Ya turo min bidiyon wani katafaren tanki, ya ce shi ke haɗawa, tsawon mita ɗaya da rabi, sidi 2,400 amma in ba da rabi a yanko gilas. Saboda tausayin kifin ban tsaya dogon tunani ba na tura 1,200 ta Momo, wato kuɗin waya. Sunan da ya fito na mace ne, na tambaya ya ce na matarsa ne. Daga nan fa sai labarai, yau mai yankan gilas ba lafiya, gobe an yi musu rasuwa a Kumasi, jibi aboboyaa, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, ta lalace a Circle in ƙara 150 a ɗauko wata. Da na ce ba zan ƙara ko pesewa ba sai na ga tanki da idona, washegari hotonsa ya ɓace, lamba ta daina shiga.

Wanda ya buɗe min ido wani Alhaji ne dattijo da ke zuwa aski wurina, yana kiwon tarwaɗa a gefen Ashaiman. Ya daɗe yana kallon tankin sannan ya ce "Ɗana, wa ya sayar maka da wannan? Ai ba shak ba ne, ɗan'uwan tarwaɗa ne, ka duba gashin bakinsa." Na leƙa da kyau, ga su nan kuwa sirara. Sunansa fangasiyus, asalinsa kogin Mekong ne can Asiya, wajen Tailan, Kambodiya da Biyetnam, kuma a Biyetnam kiwonsa ake yi a manyan tafkuna don ci, ana fitar da namansa ƙasashen waje. Yana iya kai santimita 130, nauyi ya wuce kilo 40. Kifi ne mai yawo cikin garke a ruwa mai faɗi, ga saurin firgita, shi ya sa yake dukan gilas. Wannan aka sa min a tanki mai santimita 60 da 30 da 30. Alhaji ya ce in ninka ukun in raba da 1,000, lita 54 ke nan, ko jarka uku ba ta cika ba.

Maganar nan ta "kifi daidai gidansa yake girma" ita ce jarin mutumin nan gaba ɗaya, kuma ƙarya ce da mutane da yawa suka yarda da ita, ni ma na taso ina ji. In ka ga kifi ya tsaya da girma a ƙaramin tanki to tsumburewa ya yi, kamar yaron da ba ya samun abinci da iska mai kyau. Kifi a cikin ruwan da yake shaƙa yake kashi, dattin nan yana zama amoniya mai ƙona masa matsatsa, wato wurin numfashinsa. Abin da ke ceton shi wasu ƙwayoyin halitta ne masu amfani da ke zaune a soson filta, su ke juya amoniyar ta koma abin da ba shi da dafi sosai, sauran kuma canjin ruwa ke fitar da shi. Babban kifi a ƙaramin ruwa dattinsa ya fi ƙarfin filta. Shuɗin ruwan da na saya kuwa, Alhaji na gani ya ce ai maganin da ake sa wa ƙwan kifi ne don kar ya yi fumfuna, ba ruwansa da girma, kuma yana kashe waɗancan ƙwayoyin na filta. Wato da kuɗina da hannuna nake lalata musu ruwa duk sati. Wannan ya fi 1,200 ɗin ƙona min rai. Babu wani magani a duniya da ke hana kifi girma ya bar shi da lafiya, duk wanda ya ce yana da shi ku riƙe aljihunku.

Kuma ba shak kaɗai yake sayarwa ba. Wata Hajiya mai sayar da atamfa a Nima wani kifi mai suna faku ya kawo mata, mai jan ciki, ɗan kogin Amazon ne, yana wuce santimita 60. Akwai oska da ke kai 30, akwai fileko mai manne wa gilas da yake cewa "mai shara" ne, shi ma yana kai 40 ko fiye. Ko kifin zinare da ake sa wa a 'yar ƙwaryar gilas yana iya kai santimita 20 ya yi shekara goma ko fiye in ya samu wuri. Ita ma Hajiyar ta ba da kuɗin babban tanki, 800, har yau shiru.

Ko da ya kawo tankin ma ban tsira ba. Mita ɗaya da rabi da faɗi santimita 60 da tsayi santimita 60 lita 540 ne, lita ɗaya kilo ɗaya, ruwa kaɗai ya haura rabin tan, irin wannan sai gilas mai kauri wajen milimita 12, ba gilashin taga ba, ga shago cike da yara da wayoyin wuta a ƙasa. Kuma duk da haka bayan ɗan lokaci zai sake yi musu kaɗan.

In kana da irin kifin nan a gida yanzu, ka daina zuba shuɗin ruwan yau ɗin nan. Rage abinci, sau ɗaya a rana ya isa. Ka riƙa canza kashi ɗaya cikin uku na ruwan sau biyu a sati, amma ruwan famfo a bar shi ya kwana a bokiti a buɗe saboda kulorin, soson filta kuma a wanke shi cikin tsohon ruwan tanki, ba a ƙarƙashin famfo ba. Rufe gefen tankin da kwali ko zane don rage firgita. Wannan duk na ɗan lokaci ne kafin ka samo mai tafki ko babban tamfol na kiwon kifi da zai karɓa. Kuma don girman Allah kar a zuba shi a gwata ko rafin Odaw, azaba ce kawai zai sha ya mutu, kar kuma a kai kogin Densu ko dam ɗin Weija, baƙon kifi ne, ba a san ɓarnar da zai yi wa namu ba.

Wanda ya riga ya tura masa kuɗi kar ya goge komai, hirar WhatsApp, muryoyin da ya turo, saƙon Momo mai lambar shaidar biya, duk a ajiye. A kira 292, layin hukumar tsaron intanet ta Ghana ne na kai ƙarar damfara, a kuma kai rahoto ofishin 'yan sanda mafi kusa. Ni na yi duka biyun, Hajiya ma ta yi, kuma in muka yi yawa maganar za ta fi nauyi. Na ji ya canza lamba da hoto amma kalamansa ba su canza ba, "ƙaramin iri", "maganin hana girma", "ba da rabi a yanko gilas".

Ƙaramin cikin kifayen bai kai ba, ya mutu daren Alhamis kafin ranar da muka shirya ɗauka. Babban muka sa shi a roba mai murfi da ruwan tankinsa muka kai wurin Alhaji, ya ware masa tamfol shi kaɗai. Makon jiya na kai 'yata ta gan shi, hancin ya warke saura ɗan farin tabo, ya kai tsawon hannuna daga gwiwa zuwa yatsu kuma Alhaji ya ce har yanzu yaro ne.