Tallafin Adana Kayan Tarihi: Wace Ƙofa Ya Kamata a Ƙwanƙwasa?

Yawancin masu neman tallafin adana tarihin garinsu sukan fara da tambayar wa ya fi ba da kuɗi mai tsoka, alhali tambayar da ta kamata a fara da ita ita ce mene ne a hannunsu: takarda ce, gini ne, ko kuwa sana'a ce da masu ita ke ƙarewa? Kowace cibiya tana da abin da take biya da abin da ba ta ko kallonsa, kuma wanda ya kai buƙatar gyaran ganuwa wurin masu ɗaukar hoton littattafai ya ɓata watanni a banza.

Ga wanda ya gaji rubuce-rubucen hannu na Larabci ko ajami, irin waɗanda ake tarar da su cikin gafaka ko akwatin ƙarfe a zauren malami, gara ta ci gefensu, ɗigon damina ya narkar da tawadar wasu shafuka, babu ƙofar da ta fi dacewa kamar shirin Endangered Archives Programme na Babban Ɗakin Karatu na Birtaniya, wanda gidauniyar Arcadia ke ɗaukar nauyinsa tun 2004. Shirin yana ba da ƙaramin tallafi da ke kaiwa fam 15,000 domin binciken share fage, da babba da ke kaiwa fam 60,000 domin cikakken aiki, kuma ya riga ya biya ayyuka a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna da kuma ɗakin littattafan Djenne a Mali. Babban alherinsa shi ne ba a fitar da takardun asali daga ƙasar, hotonsu kawai ake ɗauka, a ajiye kwafi a wata cibiya ta gida, a aika da wani Landan.

Sai dai akwai sharaɗin da mutane ba su cika lura da shi ba sai tafiya ta yi nisa: duk abin da aka ɗauka za a ɗora shi a intanet kowa ya gani kyauta. A gidajen malamai ba kowane kundi ne ake buɗe wa baƙo ba, domin a cikin gafaka guda ana iya samun littafin fiƙihu da wasiƙun dangi da lissafin bashi da laƙanin da kaka ya yi wasiyyar kada ya fita daga zuri'a. Sau da yawa kuma kundin gado ne da ba a raba ba, saboda haka yardar mutum ɗaya ba ta wadatar. A ganina, wanda bai zauna da magada an tantance abin da za a fitar da abin da za a bari ba, bai kamata ya taɓa takardar neman tallafin ba tukuna. Wannan ma shi ne dalilin da ya sa ƙaramin tallafin ya fi dacewa da mai farawa, tunda yana ba shi damar ƙirga shafuka da neman izini kafin ya ɗauki alkawarin da ba zai iya cikawa ba.

Idan kayan na ƙarni na 20 ne zuwa yau, kamar kaset-kaset na mawaƙan fada, hotunan tsofaffin ɗakunan ɗaukar hoto ko jaridu, to shirin Modern Endangered Archives Program na ɗakin karatun jami'ar UCLA a Amurka ne ya fi kusa. Arcadia ce ke biyansa shi ma, kuma sharaɗin buɗe wa kowa yana nan, har da ƙarin wahalar haƙƙin mallaka, domin 'ya'yan mawaƙi da makaɗansa suna raye.

Gini kuwa wata magana ce daban. Asusun Jakadun Amurka na Kare Al'adu, wanda ya fara aiki a 2001, yana biyan gyaran tsofaffin gine-gine da wuraren tarihi, kuma ta ofishin jakadanci ake nema. Ya tallafa wa aiki a kurmin Osun-Osogbo da kuma Sukur ta jihar Adamawa, wadda UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihin duniya a 1999. Kuɗinsa ya fi na masu tallafin takardu nesa ba kusa ba, amma ba ya bai wa mutum ɗaya, ba ya gina sabo, ba ya kuma gyara abin da yake mallakin wani mutum ko kamfani mai zaman kansa, sannan rajista a tsarin gwamnatin Amurka kaɗai tana iya cinye makonni. Ita kuma ALIPH, gidauniyar kare kayan tarihi mai hedikwata a Janeba, wadda Faransa da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suka jagoranci kafawa a 2017, ta fi mayar da hankali ga yankunan da rikici ya taɓa, kuma ta sa hannu a gyaran tsohon garin Agadas. Duk wanda zai nemi ɗaya daga cikin biyun kan ƙofar gari ko tsohon masallaci a Nijeriya ya fara samun rubutaccen izinin Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa idan wurin yana ƙarƙashinta, ya kuma tuna cewa ginin tubali da azara yana bukatar yaɓe bayan kusan kowace damina, wanda ba mai tallafin da zai dawwama yana biya. Takardar da ta nuna wanda zai ci gaba da biyan magina bayan kuɗin ya ƙare ta fi ƙarfi a gaban masu tantancewa.

Masu son adana ilimin rini irin na marinar Ƙofar Mata, ko ƙira da dukanci da saƙar hannu, su dubi shirin Endangered Material Knowledge Programme na Gidan Tarihin Birtaniya, wanda ke biyan ɗaukar bidiyon yadda ake yin sana'ar daga farko har ƙarshe, ba sayen kayan aiki ga masu ita ba.

Kusan duk waɗannan cibiyoyi suna son a samu jami'a ko gidan tarihi ko ƙungiya mai rajista da za ta karɓi kuɗin ta kuma ba da lissafi. Ƙungiyar ci gaban gari da ba ta da gogewa gara ta nemi haɗin gwiwa da Gidan Arewa a Kaduna, ko Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, ko sashen tarihi na jami'ar da ke kusa, a rubuta tun farko wa zai riƙe na'urar ɗaukar hoto da kwafin aikin idan an kammala. Adadin kuɗi da ranakun rufewa suna sauyawa, don haka a karanta sanarwar shekarar da ake ciki, kuma a tsara kasafin da kuɗin da mai tallafin ke biya da shi, domin darajar naira tana iya sauyawa tsakanin ranar miƙa takarda da ranar da kuɗin zai shigo.