Ƙaramar firintar rasit mai Bluetooth: na gwada ta a shago, aikin duk yana wajen saiti

Tun kafin azumin bara nake aiki da ƙaramar firintar nan ta rasit a shagona na kayan masarufi, irin wadda ake haɗawa da waya ta Bluetooth, kuma 'yan layinmu sun ishe ni da tambaya: Alhaji, tana da kyau? In saya? Amsata ita ce tana da kyau, amma kada ka bar gaban mai sayarwa sai an saita ta da wayarka, rasit ya fito ka karanta da idonka. Na'urar kanta ba ta da wata matsala ta a zo a gani. Kusan duk wanda na ji yana zaginta, in na karɓa na duba, ko dai saiti ne bai zauna ba, ko takarda ce marar kyau aka ɗura mata.

Tawa ba ta da wani suna da za a yi taƙama da shi. Irinsu sun cika kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, daga China ake kawo su, sunan da ke jikin kwali ya bambanta amma aikin kusan ɗaya ne. Ba ta fi tafin hannu ba, tana shiga aljihun babbar riga. Ba ta shan tawada ko kaɗan, domin zafi ne ke ƙona fuskar takardar har rubutu ya bayyana. Faɗin takardarta milimita 58, amma inda take rubutu milimita 48 ne kawai, ɗigo 384 a jere, wato haruffa 32 a kowane layi idan da ƙaramin rubutu na yau da kullum ne. Ka riƙe 32 ɗin nan, za mu dawo kanta.

Littafin da ke cikin kwali ba abin dogaro ba ne, rubutun ƙanana, rabi Sinanci rabi Turancin da ba ya tafiya. Littafin gaskiya yana cikin firintar. Ka kashe ta, ka danne maɓallin da aka rubuta FEED, ka kunna ba tare da ka ɗaga yatsa ba. Za ta turo wata doguwar takarda da ke ɗauke da sunan da za ka gani a Bluetooth, lambar sirrin haɗawa, kaurin baƙin rubutu, da jerin haruffan da aka ɗora ta a kai. Lambar sirrin yawanci 0000 ce ko 1234. Ka ɗauki hoton takardar nan da waya nan take, don in ka ce adana ta za ka yi a durowa, ranar da ka nema fara fat za ka tarar.

Haɗawa da waya ba wuya, sai dai akwai wurare biyu da mutane ke maƙalewa. Na farko izini. Daga Android 12, wanda ya fito a 2021, manhaja tana buƙatar izinin ganin na'urorin da ke kusa kafin ta ga firintar. Wayoyin da suka girmi wannan kuma sai ka kunna musu Location, wato izinin sanin wurin da kake, abin da ke sa wasu tsarguwa su danna a'a, daga nan kuma manhajar ta yi ta lalube ba ta ga komai ba. Na biyu, firintar waya ɗaya take riƙewa a lokaci guda. Akwai ranar da kwastoma ke tsaye ina ta danna bugawa shiru, ashe wayar yaron shagona ce ta riga ta kama ta daga cikin sito, yana can yana ƙirga katan ɗin taliya. Na ce, "Kai, kashe Bluetooth ɗinka!" Yana kashewa rasit ya fito. Masu iPhone kuma su tambaya tun kafin su biya kuɗi, domin da yawa daga cikin masu arahar nan da Android kaɗai suke tafiya.

Abin da mai sayarwa ba lalle ya gaya maka ba shi ne haɗa ta da Bluetooth bai gama aiki ba. Wayar ba ta san yaren firintar ba. Yaren sunansa ESC/POS, kamfanin Epson ne ya ƙirƙiro shi, kuma kusan duk ƙananan firintocin rasit shi suke kwaikwaya. Saboda haka dole ka sa manhajar da za ta tsaya tsakani. In kana da manhajar lissafin shago irin Loyverse, a cikinta za ka ƙara firintar. In kuma so kake ka riƙa buga abin da ka ga dama daga waya, kamar hoton shaidar tura kuɗi ko jerin kayan da aka aiko maka ta WhatsApp, RawBT tana yin wannan. Na yi aiki da duka biyun. Wasu manhajojin kyauta suna liƙa layin tallarsu a gindin rasit, sai ka biya su cire, wannan kuma kai da aljihunka.

A cikin manhajar, abu na farko faɗin takarda. Da yawa a kan milimita 80 suke zuwa, wato manyan firintocin kan tebur na manyan kantuna masu ɗaukar haruffa 48 a layi. In ka bar shi haka, layi zai karye, sunan kaya a sama, farashi ya gangaro ƙasa ya haɗu da na gaba, jimilla ta tsaya inda ba wanda zai gane ta. Mayar da shi 58, rabin rigimar ta ƙare. Sannan ka koma kan sunayen kayanka ka rage musu tsawo, saboda haruffa 32 ɗin nan da suna da adadi da farashi duk a cikinsu za su raba. Ni "Shinkafa 'yar gida buhu mai kilo 50" sai da ta koma "Shinkafa gida 50kg" kafin ta zauna a layi ɗaya.

Inda na fi daɗewa shi ne haruffanmu. Firintar tana bugawa ta hanya biyu, kuma duk mai rubuta rasit da Hausa ya kamata ya san bambancinsu. A hanyar rubutu, wayar tana aika lambobin haruffa ne kawai, firintar ta ɗauko siffarsu daga jerin da ke cikin kanta. Jerin da aka fi ɗora su a kai shi ne PC437, wanda ya samo asali daga kwamfutar IBM ta 1981. Babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ a ciki. Alamar naira ma babu, duk da akwai ta fam da ta yen. Sai ka rubuta Ɗanladi ta fito ?anladi, Ƙofar Wambai ta rasa kanta, ₦ kuma ta koma alamar tambaya a gaban kuɗi, abin da ba ɗan kasuwar da zai so kwastoma ya gani. Wasu kuma daga masana'anta a kan Sinanci aka bar su, da zarar sun ci karo da harafin da ba su sani ba sai su haɗe shi da na kusa su fito da wani zane kamar sawun kaza a rairayi. Na bi jerin da ke cikin tawa ɗaya bayan ɗaya, akwai na Rashanci, na Girkanci, na Larabci, ban sami mai ƙugiyoyinmu ba.

Hanya ta biyu ita ce ta hoto, wadda a manhaja za ka ga an rubuta Graphic ko Image. A nan wayar ce ke zana rasit ɗin gaba ɗaya ta aika shi ɗigo-ɗigo, firintar ba ruwanta da ko wane harafi ne. Ƙ ta fito da ƙugiyarta, ₦ ta fito, ko ajami ka rubuta zai fito daga dama zuwa hagu yadda ya kamata. Kuɗin da za ka biya shi ne lokaci. Rasit ɗin da hanyar rubutu ke fitarwa kafin ka miƙa canji, ta hoto sai ka ɗan tsaya, wani lokaci ka ji tana tafiya tana tsayawa saboda bayanan da ke bi ta Bluetooth sun yi yawa. Ni dai a kan hoto na bar tawa, saboda sunan shagona da ƙ ya fara, kuma ba zan raba wa mutane takarda da sunana a gurgunce ba. Wanda ke da layin mutane a gabansa, kamar mai sayar da abinci da rana tsaka, gara ya zauna a kan rubutu, ya sa N babba a madadin alamar naira, ya haƙura da ƙugiya.

A nan zan ɗan ratse. Na ga wasu 'yan'uwa da suka gano hanyar hoto suna sa Bisimilla da Larabci a saman rasit. Niyya mai kyau ce, amma ka leƙa ƙofar shagonka da yamma ka ga inda rasit ke ƙarewa. Ni suna da lambar waya da "Mun gode" kawai na sa.

Tambarin shago kuma in za ka sa, ya zama baƙi da fari zalla, faɗinsa kada ya wuce ɗigo 384. Mai launi ko mai inuwa dabbare-dabbare yake fitowa, ga cin batir.

Kaurin baƙin rubutu shi ma ana saita shi, a wasu ta manhaja, a wasu ta ƙaramar manhajar kamfanin da ke zuwa da ita. Kowa yana so ya kai shi ƙarshe don rasit ya fito baƙi wuluk. Ba na ba da wannan shawara. Ƙarin baƙi ƙarin zafi ne, batir ya yi saurin sauka, kan bugawar, wato sashen da ke ƙona takarda, ya yi zafi har firintar ta tsaya da kanta tana ƙyafta jar wuta, musamman a watan Afrilu da shago kansa ke turiri. Ka bar shi a tsakiya. In a tsakiyar rubutu ya fito dishi-dishi, duba caji tukuna, domin batir in ya yi ƙasa rubutu ne ke fara nunawa, sannan ka duba takarda.

Takardar nan ita ce ainihin kuɗin da za ka riƙa kashewa, kuma a nan ne araha ba ta ado. Mai arahar siririya ce, tana barin gari a kan abin bugawa, rubutunta kuma ba ya jimawa. Mai kyaun ma ba ta son rana, ba ta son zafi, ba ta son maiƙo. Wata Hajiya da ke sarin madara da sukari a wurina ta dawo da rasit da ta bari a gaban mota, takardar ta yi duhu gefe guda, ɗaya gefen babu ko harafi. Ta ce, "Alhaji, wannan rasit naka na aljanu ne?" Allah ya taimake ni cinikin yana cikin manhaja, na sake bugo mata. Don haka bashi, ko garantin kaya, ko duk abin da za a iya jayayya a kansa bayan watanni, kada ka dogara da wannan takarda. Littafin bashina yana nan da biro, kuma duk kwastoman da ya yi sari mai nauyi ina ce masa ya ɗauki hoton rasit kafin ya fita. Kada kuma a bar yara su ƙunshe gyaɗa ko alewa a cikinta, fuskarta sinadari ne, a wasu ma akwai wani sinadari mai suna BPA wanda Tarayyar Turai ta taƙaita amfani da shi a irin wannan takarda tun Janairun 2020.

In ka sa sabon naɗi ta turo takarda fara babu rubutu, ba lalacewa ta yi ba, a juye ka sa. Fuska ɗaya ce ke kama zafi. Ka karce takardar da farce, gefen da ya yi baƙin layi shi ne zai kalli kan bugawa. Ka kuma lura da kaurin naɗin, tawa mai milimita 40 take ɗauka, mai 50 murfi ba ya rufuwa. Jan layin da ke bayyana a gefen takarda alama ce naɗi ya kusa ƙarewa.

Ba ta da wuƙar yanka, da hannu ake yagewa a kan haƙoran da ke bakinta. Saboda haka ka nemi wurin da ake ƙara layukan banza a ƙarshen rasit ka sa uku ko huɗu. In ba haka ba, daidai kan jimilla za ka riƙa yagewa.

Batir yana kai ni daga buɗe shago zuwa rufewa a ranar da ciniki ke tafiya daidai, ranar da kasuwa ta cika kuwa sai na jona ta da la'asar. Abin da ya fi ba ni haushi a kanta shi ne caja. Tawa mai zagayen baki ce, bolt 9, ba ta karɓar cajar waya, kuma in ta ɓata sai an yi yawo kafin a sami daidai ita. Akwai sababbi masu cajin USB, da yau zan saya irinsu zan nema. Ka juya gindin firintar ka karanta abin da aka rubuta kafin ka soka mata duk cajar da bakinta ya shiga. Tana kuma kashe kanta in ta jima ba aiki, ana iya ƙara lokacin a saiti, amma ni na bar shi, danna maɓalli ɗaya ya fi mini sauƙi a kan batir ya ƙare a banza.

Lokacin hunturu ƙura tana shiga ta bakin takarda, sai ka fara ganin farin layi siriri yana ratsa rubutu daga sama har ƙasa. Kashe ta, bari ta huce, ka ɗiga sifirit a auduga ka goge siririn baƙin layin da ke ƙarƙashin murfi, ka jira ya bushe. Kada ka kusance shi da allura ko reza, in ɗigo ɗaya ya mutu farin layin ya zauna ke nan har abada.

Maƙwabcina mai sayar da kayan gyaran mota ya ga tawa ya sayi irinta, bai ji daɗinta ba, kuma ba laifin saiti ba ne. Sunayen kayansa dogaye ne, kowane da lambarsa da irin motar da yake shiga, haruffa 32 ba sa ɗauka. Ya ba ƙaninsa mai POS ita, ya koma mai milimita 80.