Boris Becker ko Steffi Graf: wa ya fi a tarihin tanis na Jamus?

Ɗan'uwa, ka tambaya cewa tsakanin Boris Becker da Steffi Graf wa ya fi, kuma me ya sa sunan Becker ya fi yawo a bakin mutane in dai Graf ce ta fi yawan kofuna. Amsar a taƙaice ita ce Graf, da tazara mai nisa. Amma dalilin tazarar ya fi alƙaluman kansu amfani, domin yana cikin yadda kowannensu yake buga ƙwallon.

Su biyun kusan 'yan gari ɗaya ne. An haifi Becker a Leimen a 1967, Graf kuwa a Mannheim a 1969, ta girma a Brühl, duk a kewayen birnin Heidelberg, kuma suna yara sun yi atisaye a cibiya ɗaya a Leimen. Ranar 9 ga Yuli 1989 suka ɗaga kofin Wimbledon a yini guda, saboda ruwan sama ya sa an ɗage wasan ƙarshe na mata zuwa Lahadi. Graf ta doke Martina Navratilova, Becker ya doke Stefan Edberg. A shekarar 1999 kuma dukansu suka ajiye raket.

Mu fara da manyan gasanni huɗu da ake kira Grand Slam, wato ta Ostireliya, ta Faransa, Wimbledon da ta Amurka. Graf ta ci 22: Ostireliya 4, Faransa 6, Wimbledon 7, Amurka 5. Babu wani ɗan wasa, namiji ko mace, da ya ci kowace ɗaya daga cikin huɗun aƙalla sau huɗu sai ita. Becker ya ci 6: Wimbledon a 1985, 1986 da 1989, Amurka a 1989, Ostireliya a 1991 da 1996. Ta Faransa bai taɓa ci ba, iyakarsa wasan kusa da na ƙarshe sau uku. Jimillar kofunan ɗaiɗaiku, Graf 107, Becker 49. A matsayin lamba ɗaya a duniya Graf ta yi mako 377, daga ciki 186 a jere. Becker mako 12 ya yi, duk a 1991. Sannan akwai 1988, shekarar da Graf ta haɗa manyan kofunan huɗu da zinaren Olamfik na Seoul. A wasan ƙarshe na Faransa na shekarar ta lallasa Natasha Zvereva 6-0, 6-0 cikin kimanin rabin awa.

To me ya hana Becker kusantar wannan? Fili ne. Ana buga tanis a kan ciyawa, da jar ƙasa ta garin bulo, da daɓe mai tauri, kuma ƙwallo ba ta tafiya iri ɗaya a kansu. A ciyawa tana zamewa da sauri, ba ta tashi sosai. A jar ƙasa tana cizon ƙasa, gudunta ya ragu, ta tashi sama. Wasan Becker an gina shi ne a kan sabis mai nauyi, wato bugun da ake fara kowane maki da shi: ya durƙusa sosai, ya narka ƙwallo, ya ruga gaban raga ya tare ta a iska kafin ta taɓa ƙasa. Idan an yi ƙoƙarin wuce shi ta gefe, sai ya yi tsalle ya miƙe a iska ya tare, ya faɗi a kan ciyawa, abin da ya sa guiwoyinsa da rigarsa kullum suke cikin datti a Wimbledon. A fili mai sauri wannan salo yana ƙare maki cikin bugu uku ko huɗu. A jar ƙasa kuwa sabis ɗin yana isa wurin abokin karawa da sanyi, ya samu lokacin gyara tsayuwa ya zira ƙwallo ta gefen wanda ya taho raga. Dole maki ya yi tsawo, kuma Becker mutum ne mai jiki, tsayinsa mita 1.90, zamiya da saurin juyawa a kan ƙasa ba nasa ba ne. Cikin kofunansa 49 babu ko ɗaya na jar ƙasa. Inda ya fi kusa shi ne Monte Carlo a 1995: ya ci turmi biyu na farko a kan Thomas Muster, ya samu damar ƙare wasan har sau biyu, ya ɓarar da ta farko da sabis na biyu da ya buga da ƙarfin da ya wuce kima, Muster ya farfaɗo ya cinye.

Graf ba a kan bugu ɗaya ta dogara ba, ko da yake bugunta na gaban hannu ne ya yi suna. Tushen wasanta ƙafafu ne. Tana tsayawa ne ta ɗan karkata zuwa hagu, ta bar dama kamar a buɗe, saboda ta san za ta cim ma ƙwallon in an aika can. Idan ƙwallo ta zo ta bayan hannu, ba ta cika dukanta ba, yankanta take yi daga sama zuwa ƙasa, ta tafi a kwance ta zame. Abokiyar karawa dole ta sunkuya ta ɗago ƙwallon, ɗagowar kuma ita ce tarkon: ƙwallo ta dawo da tsayi daidai ƙugu, Graf ta zagaye ta da gajerun taku ta kwaɗa da gaban hannu. Wannan tsari yana aiki a ciyawa saboda yankan yana ƙara zamewa, yana aiki a jar ƙasa saboda tana da gudu da numfashin dogon maki. Shi ya sa kofunanta suka bazu a kan kowane fili, na Becker kuma suka taru a ciyawa, daɓe da filayen cikin ɗaki.

Salon nata ma yana da kafa. Yankan bayan hannu ba ya wuce mai tsayuwa a raga cikin sauƙi, kuma da wannan Navratilova ta doke ta a wasannin ƙarshe na Wimbledon da Amurka a 1987. A Wimbledon ta 1988 ma haka aka fara: Navratilova ta ci turmin farko 7-5, tana gaba 2-0 a na biyu. Daga nan Graf ta shiga mayar da sabis ɗin Navratilova da ƙarfi zuwa ƙafafunta, ta ci 12 cikin ƙananan wasanni 13 da suka rage, wato waɗanda ake haɗawa su yi turmi.

Akwai hujja ɗaya da masu rage wa Graf daraja suke kawowa, kuma ba a yi adalci ba in an tsallake ta. Monica Seles, mai bugu da hannu biyu ta kowane ɓangare, tana ɗaukar ƙwallo da wuri, ba ta ba Graf lokacin zagayawa. Ta doke ta a wasan ƙarshe na Faransa a 1990 da 1992, da na Ostireliya a 1993, ta kuma karɓe lamba ɗaya. Ranar 30 ga Afrilu 1993 a Hamburg, wani mutum mai tsananin son Graf ya daɓa wa Seles wuƙa a baya tana zaune a lokacin hutu. Tana da shekara 19 da manyan kofuna 8 a lokacin, kuma ba ta dawo fili ba sai Agustan 1995. Rabin kofunan Graf, 11 cif, bayan wannan rana ta ci su. A ganina da Seles ta ci gaba da wasa lafiya, adadin Graf zai ragu. Amma ko an tsaya a 11 na farko, ta kusa ninka Becker, 1988 tana ciki, kuma a karawarta da Seles gaba ɗaya Graf ce gaba da 10 da 5, har da 6-2, 6-1 a wasan ƙarshe na Wimbledon ta 1992.

Dalilin da sunan Becker ya fi amo kuwa, shi ya fara buɗe ƙofa. A 1985 yana ɗan shekara 17, ba ya cikin jerin gwanayen gasar, ya doke Kevin Curren ya zama Bajamushe na farko da ya ci Wimbledon ta maza. Har yau babu namijin da ya ci ta da ƙarancin shekaru kamarsa. A gasar ƙasashe ta Davis Cup ya ci wasa 38 cikin 41 na ɗaiɗaiku, ya jagoranci Jamus ta Yamma ta doke Suwidin a 1988 da 1989, kuma wasansa da John McEnroe a Hartford a 1987 ya wuce awa shida. Ya ci gasar ƙarshen shekara ta gwanaye sau uku, da zinaren Olamfik na 'yan bibbiyu a Barcelona a 1992 tare da Michael Stich, wanda ya doke shi a wasan ƙarshe na Wimbledon ta 1991. A kuma tuna da zamanin da ya faɗo: Lendl, Edberg da Wilander a farko, Sampras da Agassi a ƙarshe.

Bayan ritaya ma bai bar kanun labarai ba. Ya horar da Novak Djokovic daga ƙarshen 2013 zuwa 2016, suka ci manyan kofuna 6 tare. An ayyana shi a matsayin wanda ya yi karayar arziki a 2017, a Afrilun 2022 kotu a Landan ta ɗaure shi shekara biyu da rabi kan ɓoye kadarori, aka sake shi a Disamba aka mayar da shi Jamus. Graf ta auri Andre Agassi a 2001, ta ja jikinta daga idon jama'a. Shari'ar harajin da ta taɓa gidansu mahaifinta aka ɗaure a kanta a 1997.

Waɗanda suka biyo baya ba su kai su ba. Angelique Kerber ta ci manyan kofuna 3, biyu daga ciki a hannun Serena Williams. Alexander Zverev ya ci zinaren Tokyo a 2021, ya sha kashi a wasan ƙarshe na Amurka a 2020, Faransa a 2024 da Ostireliya a 2025.

In kana son tabbatarwa da idonka, nemi bidiyon wasan ƙarshe na Wimbledon ta 1988 tsakanin Graf da Navratilova, ka fara daga turmi na biyu, ka bar kallon ƙwallo ka kalli ƙafafun Graf kawai. Sannan ka kalli Becker da Edberg na 1989, ka ƙirga bugu nawa ake yi kafin maki ya ƙare idan Becker ne ke sabis.