Na'urar hayaƙin nan ta kama min ɓarawon iska, amma sauran halinta sai haƙuri

Mako biyu cur na yi ina zagaya gaban motata kamar mai neman allura a cikin yashi, kuma ni na jawo wa kaina. Fulogi uku na baya na je canzawa. A injin motata, V6 da aka kwantar a gicciye, ba ka isa ka taɓa su ba sai ka ɗage manifol na sama gaba ɗaya, wato bututun da ke raba wa inji iska. Na ɗage, na sa sabon gasket, wato robar da ke hana iska bi ta mahaɗar, na mayar, na ɗaure, har ina yabon kaina. Ina tayar da ita sai silo, wato gudun inji in ba a taka totur ba, ya haye juyi 1,200 a minti, motar da a da take kwanciya a 700 lafiya lau. Ta hau, ta sauka, ta yi kamar za ta mutu, ta sake zabura. Kwana biyu wutar cek injin ta kama.

Na jona mata kwamfuta, ta fito da P0171 da P0174, wato ɓangarorin injin biyu duk iska ta fi mai yawa. Injin fetur yana son iska kashi 14.7 a kan mai kashi 1, kuma sensar da ke bayan filtar iska ce ke ƙirga abin da ya shiga. Duk iskar da ta bi ta ɓarauniyar hanya bayan sensar, ƙwaƙwalwar mota ba ta san da zamanta ba, sai dai sensar salansa ta kai ƙara, ita kuma ta dinga ƙara mai tana cike gurbi. A tawa ƙarin ya kai kashi 22 cikin 100 a silo. Ina taka totur zuwa 2,500 sai ya zube ya dawo kusan 5. To wannan ai ba sai an buga ƙasa ba: a silo ne totur yake rufe kuma zuƙa ta fi ƙarfi, shi ya sa ƙaramar kafa take yin ɓarna sosai a lokacin. Na san iska take sha. Inda take sha ne ya gagare ni.

Na fesa ruwan wanke kafireta a gefen manifol sau ba adadi, ina kasa kunne ko ƙarar injin za ta canza. Shiru. Ga fargabar gobara, don abu ne mai kama wuta kake fesawa a kan inji mai zafi. Na ɗauki guntun tiyo na kafa a kunne ina bin ko'ina da ɗaya bakin, ina jin wani siririn fito amma ya ƙi tsayawa wuri ɗaya. Har sensar iska na canza a banza, duk da lissafin ya riga ya wanke ta. Wannan kuɗin har yau yana min ciwo.

Yayana ne, wanda ya daɗe a aikin kanikanci, ya ce min a waya: "Kai ƙane, ka daina wahalar da kunnenka. Nemi mai hayaƙi." Na ce, "Yaya, wannan ai ta manyan gareji ce." Ya ce akwai ƙanana. Shi ne na yi odar wannan, irin mai kama da gwangwanin fenti da kowa ke gani, wadda ake maƙala wa batirin mota mai bolt 12, a zuba mata farin mai irin na shafa wa jarirai, wata waya a ciki ta yi zafi ta mayar da shi hayaƙi.

Ranar da ta iso ban ko tsaya cire kayan jikina ba. Inji a kashe, ya huce. Na cire babbar mesar iska daga bayan sensa, don kada maiƙon hayaƙi ya ɓata min sabuwar da na saya, na toshe bakin. Na zare tiyon da ke zuwa tulun birki na zura bakin na'urar a nan, na danna. Daƙiƙa talatin babu komai, har na fara cewa an ci kuɗina. Can sai ga wani zaren hayaƙi fari, siriri kamar na turare, yana tasowa daga can baya, tsakanin manifol da bangon mota, daidai inda hannu ba ya shiga balle feshi. Na haska tocila, na karkata ƙaramin madubi. Wallahi sai da na yi dariya ni kaɗai. Gasket ɗin ne ya zame daga kwarinsa lokacin da nake kokawar zaunar da manifol, kusurwa ɗaya ta naɗe, ni kuma na ɗaure a kanta. Leɓen robar ma yana leƙowa waje, baƙi, ya baje kamar an taka shi. Ina cikin kallon wannan sai ga na biyu yana fita daga ƙasan gwiwar tiyon PCV, wanda ke kwaso tururin cikin inji zuwa manifol, tsaga ce da ba ta kai tsawon farce ba, ba a ganinta sai an lanƙwasa tiyon. Robar ta tsufa, ta bushe, janyewar da na yi mata ce ta ƙarasa ta.

Abin da mako biyu bai yi ba, minti biyu ya yi. A wannan lokacin da an ba ni taurari goma duk sai na zuba mata.

Na sake kwance manifol, na sayi wani gasket, don wanda aka matse a naɗe ba ya komawa. Wannan karon na bi littafin motar: noti na tsakiya tukuna, sannan a gicciye zuwa waje, zagaye biyu, da sifana mai auna ɗauri. A karon farko daga gefe ɗaya na faro na bi layi, kuma da ƙarfin damtse. Silo ya koma 700, ƙarin man ya sauko ƙasa da kashi 5 bayan 'yan kwanaki, wuta ba ta sake kamawa ba.

Sai dai yanzu da murna ta lafa, na tuna abubuwan da na haɗiye a ranar. Wancan "na toshe bakin" da na faɗa a sama, ba da marfin da suka sako a kwali na yi ba. Marfinsu mai kama da mazurari ya yi wa mesata kaɗan, yana faɗawa ciki. Safar hannu ta roba na ɗaura da kilif, tana kumbura da yatsu biyar kamar tana min dariya. Wayar batir gajeruwa ce, dole na ajiye gwangwani mai zafi a kan injin ina tare shi da gwiwar hannu. Ba ta da agogon matsi ko ɗaya, alhali a hoton talla akwai shi ɓaro-ɓaro. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin da agogo, bayan gyara za ka ga ko matsin ya tsaya ko yana zurarewa. Babu shi, in ba ka ga hayaƙi ba, ba ka sani ba ko babu kafa ne ko na'urar ce ta yi kasala.

Takardar bayanin kuma shafi ɗaya ce, ba ta ce komai a kan PCV ba. Hayaƙi ya bi ta nan ya shiga cikin inji ya fito ta wajen sandar auna baƙin mai, na tsorata na ɗauka wata sabuwar masifa ce. Yaya ne ya ce in matse tiyon in sake gwadawa.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne karo na uku da na kunna ta, a motar wani abokina mai irin matsalar. Na cika masa baki tun a hanya. Muka haɗa komai, na danna, famfon yana kuka amma hayaƙin bai fi numfashi ba. Na buɗe na tarar lagwanin da aka naɗe wa wayar ya ƙone ya yi baƙi ƙirin, ga mai ya yoyo ta ƙasan murfi ya jiƙa kwalin. Na bi alamar mai daidai yadda suka zana, ban bar ta ta wuce minti biyar a kunne ba. Na tura wa mai sayarwa hotuna har sau biyu, amsa ɗaya na samu, wai in ƙara mai. Man da ke malala a ƙasa!

Taurari uku na ba ta, biyu daga ciki na wancan zaren hayaƙin ne. Na yanko lagwanin fitila na naɗa mata da kaina, tana ɗan yi yanzu, kodayake sai an jira kusan minti ɗaya kafin hayaƙin ya yi kauri. Motar abokin nawa kuwa, bawul ɗin tururin tanki ne ya maƙale a buɗe, kuma da wannan lagwanin nawa muka kama shi.