College Football 25: gem ɗin da darajarsa ke cikin minti biyun ƙarshe

Shekara 11 masoya ƙwallon Amurka ta jami'o'i suka yi suna jiran sabon gem, tun daga NCAA Football 14 na 2013, kafin kamfanin EA Sports ya saki College Football 25 ranar 19 ga Yulin 2024. Ya zo da ƙungiyoyi 134 na babban rukuni, da 'yan wasa na gaskiya fiye da 11,000, kowannensu an ba shi dala 600 da kwafin gem ɗin don a sa sunansa da kamanninsa. Farashinsa na farko dala 69.99 ne. A kan PlayStation 5 da Xbox Series X da S kaɗai yake tashi. Babu na PS4, babu na kwamfuta, don haka mai tsohon inji kada ya ɓata kuɗinsa.

An sha yabon kyan hotonsa da badujalar makarantu da hayaniyar filaye, kuma yabon ya cancanta. Amma gem irin wannan ba a nan ake auna shi ba. Ana auna shi ne lokacin da tazara ta zama maki 3, saura minti biyu, hannu ya fara gumi a kan abin sarrafawa. A wannan gurbi gem ɗin ya yi abin a yaba, muddin mai shi ya gyara saitinsa, duk da cewa akwai wurare biyu da ya gaza.

Agogo biyu ne ke mulkin wasan. Babban agogo yana ƙirga minti 15 na kowane zango cikin zango huɗu. Ƙaramin agogo kuma daƙiƙa 40 yake ba masu riƙe da ƙwallo tsakanin yunƙuri da yunƙuri, ko 25 idan alƙalin wasa ne ya tsayar da wasa saboda laifi ko hutu. Kowace ƙungiya tana da damar tsayar da agogo sau uku a kowane rabin wasa. Gem ɗin ya bi sababbin dokokin jami'o'i. Tun 2023 babban agogo ya daina tsayawa idan an ci yadi 10 an samu sabon zubi, wato sabon jerin yunƙuri huɗu da ake ba masu ƙwallo su ci wani yadi 10, sai a minti biyun ƙarshe na kowane rabi, kuma a 2024 aka ƙara hutun dole idan saura minti biyu. Wanda ya saba da gem ɗin 2013 zai ga lokaci yana zurarewa fiye da yadda ya sani, kuma ba kuskuren inji ba ne.

Lissafin mai rinjaye shi ne abu na farko da ya kamata kowa ya haddace. Ka samu sabon zubi, abokin hamayya ba shi da sauran damar tsayar da agogo: durƙuso uku, wato mai karɓar ƙwallo ya kai gwiwa ƙasa ya ƙare yunƙuri agogo yana ci gaba da tafiya, kowanne ya ci daƙiƙa 40 da ɗan abin da ke kai, minti biyu sun tafi ke nan, wasa ya ƙare ba tare da kowa ya taɓa ka ba. Idan yana da dama ɗaya, abin da za ka iya ƙonawa ya koma kusan minti 1 da daƙiƙa 20. Idan biyu ce, daƙiƙa 40 da 'yan kai. Idan duka ukun na hannunsa, durƙuso ba zai fisshe ka ba, dole ka nemo wani yadi 10. Kada wani ya ɗauka wannan lissafin yara ne. Ranar 7 ga Oktoban 2023 Mayami tana gaban Georgia Tech da 20 da 17, saura daƙiƙa 33, Georgia Tech ba ta da damar tsayar da agogo ko ɗaya. Durƙuso guda ya isa. Koci Mario Cristobal ya bari aka miƙa wa Donald Chaney Jr. ƙwallo ya ruga, ta suɓuce masa, Georgia Tech ta ci yadi 74, Haynes King ya jefa wa Christian Leary ta yadi 44, aka tashi 23 da 20. A cikin gem ɗin ma haka ganganci yake ƙarewa, domin tsarin gajiya da rauni da aka sa masa yana tara duk dukan da mai gudu da ƙwallo ya sha tun zangon farko, ƙarfinsa yana raguwa, a zango na huɗu ba shi ne mutumin da ya fara wasan ba.

Idan lissafi bai kai ga durƙuso ba, ga abin yi. A shafin zaɓen dabara ka kunna Chew Clock, wanda ke zaftare ƙaramin agogo kafin 'yan wasanka su jeru. Bayan sun jeru kada ka saki ƙwallo sai ya rage daƙiƙa 1 ko 2. A nan mutane da yawa ke yin asara: suna sakin ta da saura 8 ko 9, sau uku a jere, sun ba abokin hamayya kyautar kusan rabin minti ke nan. Ka mayar da riƙon ƙwallo kan taka-tsantsan a gyaran koci, ka bi ta tsakiya, kada ka fita gefen layi, kada ka yi jifa sai dole, tunda jifan da ba a cafe ba yana tsayar da agogo kyauta.

Wanda ake bi da maki kuma, damarsa ta tsayar da agogo ta fi tsada lokacin da yake tsaron gida. A can kowace ɗaya tana ceto kusan daƙiƙa 40, alhali in ƙwallo na hannunka yana da wuya ta ceto rabin haka. Ka kuma lura da hutun minti biyu. Idan yunƙuri ya ƙare saura 2:35, tsayar da agogo nan take, in ba haka ba za su ƙona 35. Idan ya ƙare saura 2:05, ka bari, hutun dole zai tsayar maka. Da ƙwallo ta dawo hannunka, ka tuna cewa tsayawar agogo bayan sabon zubi ta ɗan lokaci ce kawai, da an ajiye ƙwallo zai ci gaba, saboda haka a wannan ɗan tsakanin ake rugawa a jeru. Doka ƙwallo a ƙasa yana tsayar da agogo amma yana cinye yunƙuri ɗaya cikin huɗu. Abin da ya fi komai muni shi ne a kayar da kwatabak ɗinka, wato jagoran hari mai jefa ƙwallo, a bayan layi, ko ya ruga ta tsakiya lokaci ya ƙare masa. Haka ta faru da Will Howard na Jami'ar Jihar Ohayo a gidan Oregon ranar 12 ga Oktoban 2024: saura daƙiƙa 6 ya ruga, kafin ya zame ƙasa agogo ya cika, aka tashi 32 da 31.

Bugun maki 3 na ƙarshe yana da wuya a gem ɗin nan, kuma daidai ne ya yi wuya. Ma'aunin bugun mataki biyu ne: ka tsayar da alamar da ke kaiwa da komowa don saiti, sannan ka riƙe don ƙarfi, in ka zarce bugun ya karkace. A filin wasu abin ya fi tsanani. Kafin ka kira mai bugu, ƙara yadi 17 a kan inda ƙwallo take, wato daga layin 30 bugun na yadi 47 ne. Layukan ajiye ƙwallo na jami'o'i kuma ƙafa 40 ne tsakaninsu, sun fi na NFL, gasar ƙwararru ta Amurka, faɗi nesa, don haka in kana da sauran damar tsayar da agogo, yi amfani da yunƙuri guda ka kawo ƙwallo tsakiya.

A gem ɗin kai ke zaɓen tsawon zango, kuma duk wannan ba ya aiki da zangon minti 5. A can minti biyu kusan rabin zango ne, mai rinjaye yana iya shaƙe wasa da riƙo ɗaya. Zangon minti 10 zuwa 12 da agogo mai sauri a kunne, ƙaramin agogo yana farawa daga wajen 20, shi ya fi kawo yawan yunƙuri kusa da na gaskiya. Matakin wahala kuma All-American ya fi dacewa da yawancin mutane.

Gazawa ta farko ita ce kocin kwamfuta. Ba kullum yake bin lissafin da gem ɗin kansa ke koyarwa ba. Wani lokaci yana kan gaba ya saki ƙwallo da wuri ko ya yi jifan da ba dole ba, wani lokaci ya riƙe damar tsayar da agogo har amfaninta ya wuce. Nasarar da aka samu ta haka ba ta da daɗi. Karawa da mutum, a kujera ɗaya ko ta intanet, ita ke nuna ainihin kyan gem ɗin.

Sai maganar sa'a, wadda a kanta ake yawan zagin gem ɗin fiye da laifinsa. Ƙwallo ta bugi hannun ɗan wasanka ta faɗa hannun abokin gaba, sai a ce inji ya riga ya rubuta sakamako. To ai wasan gaskiya ma haka yake. A 2013 an mayar wa Alabama daƙiƙa ɗaya a agogo, ta gwada bugun yadi 57, bai kai ba, Chris Davis na Auburn ya cafe ya ruga daga ƙarshen fili zuwa ƙarshe, 34 da 28. A 2015 Mishigan tana gaba saura daƙiƙa 10, ƙwallo ta kuɓuce wa mai bugunta, Jami'ar Jihar Mishigan ta ɗauka ta ci 27 da 23. Rabon kwaɗo ba ya hawa sama, gaskiya ne, amma yawancin abin da ake kira rashin sa'a a gem ɗin yana da sanadi da ake iya gani. A manyan filaye irin Kyle Field na Texas A&M, wanda kamfanin ya sa a matsayin mafi wuya, layukan dabara suna karkarwa a allo, alamun maɓallai suna ɓacewa, sauya dabara a bakin layi yana iya ƙin shiga, kuma ɗan shekarar farko ya fi tsohon hannu ruɗewa. Wanda ya kai sabon kwatabak can ya riƙa sauye-sauye a bakin layi, shi ya jawo wa kansa. Inda ƙorafi yake da tushe shi ne wasannin da inji ke bugawa da kansa a Dynasty, sashen da kake jan ragamar ƙungiya kaka bayan kaka, musamman farkon fitowar gem ɗin, inda manyan ƙungiyoyi ke faɗuwa a hannun ƙanana fiye da kima, jerin gwanaye ya rikice.

Gazawa ta biyu ta fi damun wanda ya san wasan: kyautar Heisman, wadda ake ba gwarzon ɗan wasan jami'o'i na shekara. A zahiri 'yan jarida 870 da tsofaffin waɗanda suka ci kyautar da ƙuri'a ɗaya ta jama'a ne ke zaɓe, kowa ya jera mutum uku, maki 3 da 2 da 1. Daɗinta gardama ce. A 2009 maki 28 kacal suka raba Mark Ingram da Toby Gerhart. A 2024 Travis Hunter na Kolorado, wanda ke kan murfin wannan gem tare da Quinn Ewers da Donovan Edwards, ya samu 2,231, Ashton Jeanty na Boise State ya samu 2,017. Jeanty ya kammala kakar da gudun yadi 2,601, saura 27 ya kamo tarihin Barry Sanders na 1988. Hunter kuwa yana kai hari yana tsaron gida a wasa ɗaya, abin da alƙaluma ba sa iya aunawa gaba ɗaya. Har yau akwai masu ganin an zalunci Jeanty, kuma suna da hujja. Gem ɗin ba shi da wannan rai. Jerin 'yan takararsa ya fi karkata ga tarin alƙaluma, ba a jin nauyin wanda ya ceto ƙungiyarsa a minti na ƙarshe gaban babbar abokiyar gaba. Akwai kuma tarko: sauran ƙungiyoyi inji na ba su alƙaluman cikakken wasa, kai kuma in zangonka minti 5 ne, tauraronka zai tara ƙasa da nasu, a wuce shi. Tsawaita zango shi ne maganin wannan ma. Wasu sanannun kyaututtuka kuma sun zo da sunaye na gama-gari saboda ba a samu izinin masu su ba, kuma babu ɗakin ajiye kofuna da za ka koma ka duba abin da ka tara cikin kaka 30 da Dynasty ke bayarwa.

College Football 26 ya fito a Yulin 2025 da ƙungiyoyi 136, da koci-koci na gaskiya, da ɗakin kofuna. Mai son dogon Dynasty ya fi kyau ya nemi wannan. Wanda burinsa ya fahimci yadda ake cin wasa ko a zubar da shi a minti biyun ƙarshe, kuma yana da abokin karawa, na 25 ya ishe shi, musamman in ya same shi da rangwame. Ya fara da zangon minti 10, ya zaɓi ƙungiyoyi biyu masu ƙarfi ɗaya, ya buga a filin abokin hamayya.