Zaɓe ko Naɗi: Wa Zai Riƙe Gidan Rediyon Al'umma?

Ana yawan tambayata: kwamitin gudanarwa na gidan rediyon al'umma, a zaɓe shi ko a naɗa shi?

Zaɓe yana cin kuɗi da lokaci: rajistar mambobi, taron shekara, ƙidayar ƙuri'a. Haɗarinsa shi ne ɓangare ɗaya ya cusa magoya bayansa cikin rajista gab da zaɓe, ya ƙwace kujeru, ya kori masu gabatar da shirye-shiryen da ba nasa ba. Wannan yana min ciwo ƙwarai. Amma wanda ya faɗi yana da wata damar a gaba.

Naɗi ya fi sauƙi da arha, sai dai in rikici ya ɓarke, sauke mutum yakan kai ga kotu.

Zaɓe ya dace da gidan rediyon da rajistar mambobinsa ta tsayu. Sabon gida mai mambobi kaɗan kuwa, naɗi mai wa'adi ya fi masa.