Daga Duwatsun Ardeshi: Labarin Kasuwa da Likita

Assalamu alaikum Yaya, da fatan kuna lafiya, ya su Inna da yara?

Ka ce in faɗa maka yadda kaya suke a nan. Ardeshi, kudancin Faransa, ƙasar duwatsu ce. Asalin manomanta sun daɗe da watsewa zuwa birane, suka bar kangaye. Bayan boren ɗalibai na Mayun 1968 sai ’yan boko matasa daga Paris da Liyon suka kwararo, sun ce birni ya ishe su, kiwon awaki za su yi. Sanyi da fatara suka kori da yawansu. Waɗanda suka jure, yanzu su da ’ya’yansu ne ke baza kaya a kasuwar Les Vans ranar Asabar. Pierre Rabhi, haifaffen Aljeriya wanda daga baya ya koyar da noma ba takin zamani a Gorom-Gorom ta Burkina, ya ma riga su zuwa, tun 1961.

Kayansu akwai kyau, wallahi, amma da tsada. Cukun akuya da suke kira picodon bai cika tafin hannu ba, kuɗinsa ya haura jika guda ta sefa. Tun 1983 doka ta tsare sunansa, ba mai sa shi a kan cukun wata ƙasa. Ni dai ban ga inda ya fi cukun Buzaye da muke saye a Tawa ba, kuma jar akuyarmu ta Maraɗi ba ta jin kunyar tasu. Abin yana ci mini rai, domin namu a bakin hanya ake sayar da shi, ba suna, ba mai tsaya masa. Haka gashin tumaki: a da makiyayan nan Ardeshi har zubar da shi suke yi, sai wasu daga cikin baƙin nan suka gyara tsohuwar masaƙar Saint-Pierreville, suka kafa ƙungiyar Ardelaine a 1982. Yanzu katifa da barguna suke yi da shi.

Ruwan famfo da wuta ba sa yankewa. Sufuri kuwa, gara gida. Babu kabu-kabu, bas ba ya zuwa ƙauyenmu kullum, wanda ba shi da mota ya zauna ke nan. Likitoci ma sun yi ƙaranci, tsofaffin suna ritaya, matasa ba sa son dutse. Ciwon haƙori ya kama maƙwabciyata, sai da ta yi makonni tana jiran a ba ta rana.

Idan wani zai taho, a ba shi kilishi da daddawa ya riƙo mini, yaji kuma a daka da yawa.